'Yar'azumi da Agwagin Lungun Ɗage-Riga

Sunan yankanta Safara'u ne, amma a Haɗeja in ka nemi Safara'u sai a yi ta kai ka gidajen da ba nata ba. 'Yar'azumi kowa ya sani. An haife ta ran goma ga azumi a wani ƙauyen masunta can ƙasar Kirikasamma, inda ruwa kan zagaye gari wata huɗu a shekara, ba a fita sai da kwalekwale ko a kan gora. Ita da bakinta take cewa tun kafin ta iya ɗaura zani ta iya tafiyar duk wani babba a garinsu. In ka yi tari sau ɗaya a gabanta, shi ke nan, tarin ya zama nata. Ta sha bulala a kan haka har ta daina kuka.

"Mai dukan ma," in ji ta, "in ya gama ya juya, sai in bi bayansa ina yin tafiyarsa."

Ta auri wani masunci mai suna Ari, mutum mai shiru, wanda ya iya bandar kifi. Shekarar da aka sami mulkin kai suka tattaro suka dawo Haɗeja, saboda Ari ya sami mai sayen bandarsa a kai a kai, wani attajirin kifi da ake kira Alhaji Kolo. Shekara uku da zuwansu zazzaɓi ya kwantar da Ari, bai tashi ba. 'Ya'yansu mata biyu sun riga sun yi aure, ɗaya a Jahun, ɗaya a Malam Madori. Dangi suka ce ta koma ƙauye, ta ce ita ta gaji da zama a tsakiyar ruwa. Ta ɗauki ƙunshi a ka ta shiga dillanci: zannuwa, turaren wuta, lalle, tasoshi, gida gida.

Gajeriya ce, siririya, da wushirya, ga murya kamar ta ƙaton namiji in ta so. Matan kulle suna son zuwanta fiye da kayanta, don ita ba ta ba da labari, yin sa take yi. In an yi faɗa a kasuwa, za ki ga masu faɗan su biyu, da mai rabon, da akuyar da ta cinye kayan miya ana cikin faɗan.

Ni Rahmatu, aure ne ya kawo ni unguwarsu, gidanmu na huɗu daga masallaci. Hanyar da ta ratsa unguwar kuwa tana da suna, Lungun Ɗage-Riga. Kowane gida rariyarsa cikin lungun take zuba: ruwan wanka, na wanke-wanke, na wankin kifi. Ruwan ba ya zuwa ko'ina. Da damina ya kai ƙauri, da rani ya koma baƙin taɓo mai kore a sama. An jera fasassun turame da kututturai ana takawa. Duk namijin da zai je masallaci sai ya tattare babbar rigarsa, shi ya sa sunan. Masu jin daɗin wurin agwagi ne kawai, da sauro.

Ana cikin yaƙin basasa Malama Zaituna ta buɗe mana makaranta. Ita matar Malam Shu'ibu ce, limamin masallacin unguwa, 'yar gidan malamai daga wajen Barno, doguwa, mai magana a hankali, ba ta dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi. A tsakar gidanta muke zama tsakanin azahar da la'asar, mu wajen ashirin, duk matan aure. Mazanmu sun yarda ne don gidan Liman ne. 'Yar'azumi ta shigo ranar farko da niyyar ciniki, ta ga mata ashirin a wuri ɗaya ba sai ta bi su gida gida ba, ta ajiye ƙunshi ta ce ita ma ɗaliba ce.

Baƙin Larabci dai ya ƙi zama a kanta. Malama ta nuna mata harafin ba, ta ce kwalekwale ne da kifi ɗaya a ƙarƙashinsa. Aka nuna mata harafin ta, ta ce kwalekwalen ne dai, an ɗauki fasinja biyu. Amma kunnenta ba ya zubar da komai. Abin da Malama ta karanta sau ɗaya sai ta mayar da shi tsaf, da muryar Malama, har da 'yar gyaran muryar da take yi a tsakiya.

Wata rana muka iso babin ruwa. Malama ta yi bayanin ruwan da ake tsarki da shi, da wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya sake. Ta ce taɓon ruwan sama da ya fantsamar wa mutum a hanya an yi rangwame a kansa, sai in ƙazanta ce ta rinjaya.

'Yar'azumi ta ɗaga hannu. "Malama, na lungunmu fa? Shi ba daga sama ya sauko ba. Launinsa ya sake, ƙanshinsa ya sake, ɗanɗanon ne dai ban gwada ba. Kuma da shi mazanku suke shiga sahu sau biyar."

Malama ta ajiye littafi. Can ta ce, gaskiya ita sau nawa ma ta bi lungun, kuma kullum kanta a lulluɓe, idonta a kan turmin da za ta taka. Ta tambaye mu daga ina ruwan yake fitowa, kuma me ya hana shi wucewa. Kowace a cikinmu rariyar gidanta kaɗai ta sani. Wadda ta san unguwar gaba da baya ita ce wadda ba ta iya ba da ta ba.

"Gobe ki karantar da mu," in ji Malama.

Kashegari muka tarar ta riga mu zuwa. Ta share gefen tsakar gidan ta gina unguwar a ƙasa. Ta tara rairayi ta yi tudu da gangare, ta jera sakaina a matsayin gidaje, ta kafa tsinke a wurin masallaci, ta yi ɗan rami can ƙarshe ta ce kududdufin bayan gari ne. Muka durƙusa kowa tana neman gidanta. Ni ban taɓa sanin bayan ɗakina yana jingine da ɗakin girkin su Gumsu, wata ɗaliba a cikinmu, ba sai ranar, na gane inda hayaƙi yake shigo mini. Sai ta ɗauki buta ta riƙa ɗiga ruwa a bakin kowace sakaina. Ruwan ya haɗu ya gangara, ya gangara, sai ya zo ya ci karo da wani ɗan dutsen niƙa da ta gicciya a hanya. Ya tsaya, ya taru, ya fara komawa baya.

Hajja Fanna, matar Alhaji Kolo, tana cikinmu. Ta nuna dutsen ta ce, "Yaya 'Yar'azumi, wannan gidanmu ne?"

"A'a Hajja, gidanki ga shi nan, sakaina mai kyau na zaɓar miki. Wannan dakalin Alhaji ne. Da can ta nan ruwa yake bi ya faɗa kududdufi, tsofaffi sun gaya mini."

Muka juya muna kallon Hajja. Ita kuwa 'Yar'azumi ta koma kan wata sakaina kusa da tsinken masallaci ta tuntsura sauran ruwan butar gaba ɗaya.

"Wannan gidan wa ye mai ruwa haka?" in ji Malama.

"Nan muke zaune, Malama."

Malama ta ja gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa.

Ta kai wa mijinta maganar. Malam Shu'ibu ya yi wa mutane nasiha bayan sallar la'asar a kan haƙƙin hanya da haƙƙin maƙwabci, nasiha mai kyau, maigidana ya ce har da masu share ido. Kowa ya gyaɗa kai yana satar kallon na kusa da shi. Aka shafa fatiha, aka tattare riguna, aka bi ta kan turame aka koma gida. Wata guda ya wuce ko tsinke ba a ɗauke ba.

Ran wata Laraba Malama ta shiga ɗaki shayar da jaririnta, ta bar mu muna bita. 'Yar'azumi ta miƙe, ta warware wani zani daga ƙunshinta ta yafa kamar babbar riga, ta ce bari ta nuna mana abin da ba mu taɓa gani ba, yadda mazanmu suke zuwa masallaci.

Ta fara da Mai unguwa Bunu, tsoho mai sanda. Sai ya dungura turmi da sandar, ya yi bisimilla, ya ɗaga ƙafa, ya fasa, ya sake dungurawa. Ta yi Alhaji Kolo: riga a tattare har hammata, ciki a gaba, yana tsalle daga kututture zuwa kututture yana waiwaye yana cewa, "Kifin Nguru ai ba kifi ba ne, ƙaya ce." Ta yi Malam Shu'ibu, wanda ba ya taka turame, sai ya manna baya da katanga ya bi a kaikaice, carbi a baki don hannuwa suna riƙe da riga. Ta yi maigidana, wanda tsayinsa ya sa yake ganin zai iya tsallake biyu a lokaci ɗaya, kuma kullum ƙafar hagu sai ta faɗa. Malama ta fito ta tarar da mata a kwance a kan tabarmi, wasu suna riƙe da ciki. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ga na mijinta har ƙarshe kafin ta ce a bari.

Da yamma maigidana ya shigo, ƙafar wandonsa ta hagu baƙi ƙirin. Na durƙusa zan ajiye masa ruwa, dariya ta ƙwace mini har kwanon ya kife. Ya tambaye ni lafiya, na ce tari ne. Ashe haka aka yi a gida ashirin. Kwana uku maza suna ganin matansu suna dariya ba dalili, har suka fara tambayar juna a ƙofar masallaci. Wata ta kasa riƙewa ta faɗa wa mijinta.

Aka kira 'Yar'azumi zauren Malam. Mu kuma muna ciki, bayan ƙyaure, tare da Malama, kunnuwanmu a jikin katako, wasu na leƙe ta tsaga. Mai unguwa yana nan, da Malam, da Alhaji Kolo wanda tun daga waje ake jin muryarsa. Ya ce shi ya san za a yi haka, an tara mata an ce karatu, ashe gidan wasa aka buɗe. A rufe makarantar. Ya ce shi ne ya riƙe mijin matar nan har ya mutu, ga sakayya.

Mai unguwa ya ce, "Alhaji, ni ba na yanke hukunci a kan abin da ban gani ba. 'Yar'azumi, tashi ki yi mu gani."

"Ranka ya daɗe, a gabanku?"

"A gabanmu."

Ta tashi. Ba wauta gare ta ba, da Malam ta fara. Tana manna baya da bango, Alhaji Kolo ya manta da fushinsa, ya fashe da dariya yana buga cinya yana cewa, "Wallahi haka yake yi!" Sai ta tattare zani har hammata ta turo ciki. Dariyar Alhaji ta tsaya cak, ta Mai unguwa ta tashi, har muka ji sandarsa ta faɗi. Da tsohon ya sami numfashi sai muka ji 'Yar'azumi ta ce, "Ranka ya daɗe, ara mini sandar, saura ɗaya."

"Ya isa, ya isa," in ji Mai unguwa. "Na ga abin da zan gani."

Malam Shu'ibu bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ce mata, "Baiwar Allah, abin da kika nuna gaskiya ne, haka nake bi. Amma kwaikwayon mutum a bayan idonsa don a yi masa dariya giba ce, daidai take da ta baki. Kin ci namanmu, kin kuma raba wa mata ashirin."

Daga baya 'Yar'azumi ta gaya mini tunda take ba wanda ya taɓa faɗa mata haka. An dake ta, an zage ta, amma ba a taɓa ce mata zunubi take kwasa ba. Ta durƙusa ta roƙi gafararsu ɗaya bayan ɗaya, kuma da gaske take.

Malama ta yi magana daga bayan ƙyaure. Ta ce laifin nata ne, ita ta tsaya tana kallo. Amma ta roƙi kada a rufe makaranta, a kira kowace mace a tambaye ta babin ruwa, in an sami wadda ta kasa, a rufe. Mai unguwa ya ce ba sai an kira ba. Aka tsaya a kan sharaɗi: ba kwaikwayon kowa, ba zambo.

'Yar'azumi ta kai bakin ƙofa sai ta juyo. "Allah gafarta Malam, don kada in sake faɗawa. Yabo fa, da godiya?"

"In gaskiya ne, ba laifi."

"Dabba fa? In na yi tafiyar dabba, na ci namanta?"

Malam ya ce dabba ba a gibarta. Ta yi godiya ta fita.

Mako guda ta zo makaranta ta zauna shiru kamar mai takaba, har muka fara jin tausayinta. Ran na takwas ta nemi izinin Malama, ta shiga tsakiya, ta tsuguna, ta maida hannuwa baya, ta turo ƙirji, ta fara rangaji. Uwar agwagi ce sak, har da karkaɗa gindi. Ta ce agwagin lungu ne suka aiko ta godiya ga masu riƙe da su, ta ɗauki waƙa da amon lugude:

Agwagin lungu mun zo godiya,
Mai dakali, Allah ya ƙara arziki.
Ka tare mana ruwa rani da damina,
Kogin gari bai yi mana haka ba.
Sauro yana gaishe ka, kwaɗo yana gaishe ka,
Ƙuda ya ce a gaya maka yana tafe.

Ta yi baitin mai babbar rariya kusa da masallaci, wanda ba ya bari su kwana da ƙishi. Ta yi na mai sanda, wanda yake ganinsu kullum bai taɓa korarsu ba. Ta bi lungun gida gida, ba ta kama sunan kowa ba, ba ta kuma tsallake kowa ba.

Malama ta saurara har ƙarshe, tana juya abin a ranta. Ta ce ba ta ga zagi a ciki ba, amma makarantarta ba ta fitar da waƙa tsirara. Ita ta sa mata amshi. Bayan kowane baiti sai mu amsa da abin da muka karanta, cewa kau da cuta daga hanya sadaka ce, kuma maƙwabci yana da haƙƙi ko a ruwan da ka zubar. Muka maimaita har ta zauna.

Da hantsi, lokacin dakan fura, turmi ashirin suka ɗauka. Matan da ba sa zuwa makaranta suka ji ta kan katanga suka koya. Kafin mako ya zagayo masu talla sun kai ta kasuwa. Turmin da ya fi kowanne ƙara kuwa na gidan Alhaji Kolo ne, don Hajja Fanna autarta ta yi wata biyu tana fama da zazzaɓi, ga hannu ga ƙafa duk cizon sauro. Da Alhaji ya ce ta daina, ta ce, "Alhaji, yabonka ne fa. In ban yi ba wa zai yi?"

Ran kasuwa wani abokin wasansa ya gaishe shi da Sarkin Agwagi a gaban baƙi daga Kano. Ya taho zauren Malam a fusace. Malam ya tambaye shi ko an kama sunansa, ya ce a'a. An yi masa ƙarya? Ya hau gyaran hularsa.

"Ni ma an yabe ni, Alhaji," in ji Malam. "Baitina ne na biyu."

Kashegari bayan sallar asuba aka ga Liman da fartanya. Ya haƙa rami mai zurfi a cikin gidansa daidai bakin rariya, ya cika shi da tsingaro da gawayi, ruwan alwala da na wanka ya riƙa nutsewa a nan. Ya fito ya yashe gaban ƙofarsa, ya fitar da 'yar kwata. Ranar a makaranta uwar agwagi ta shigo da fushi, fuka-fuki a buɗe. Baitin Malam ya canza:

Mai babbar rariya ya ci amanarmu,
Mun zo da asuba mun tarar da ƙasa busasshiya.
Ba ma gaishe shi, ba ma bin ƙofarsa.

Nan lissafi ya juya. Wanda agwagi suka yaba shi ne abin dariya, wanda suka zaga ya fita. Maigidana ya yi kwana biyu yana haƙa, ran na uku ya tambaye ni yana kallon gefe, "Wai agwagin nan sun zage ni kuwa?" Na ce tukuna, sai an je an duba aikin. 'Yar'azumi ce mai dubawa, da ƙunshinta a ka. In ta ga an yi ha'inci, an tura taɓo gaban gidan maƙwabci, sai baitin mutum ya ƙaru da godiya ta musamman. Mai unguwa da ya ga saura shi da mutum biyar a cikin yabo sai ya kira gayya. Samari suka fito da fartanyu da kwanduna, mu muka dama kunu, aka kwashe turame, aka fitar da kwata tun daga masallaci har ƙasa.

Har ƙasa, wato har dakalin Alhaji Kolo. Nan ya ce ba mai taɓa masa gini. A kan dakalin nan yake shanya banda, a kansa yake karɓar baƙi, kuma da guminsa ya gina. Ya aika aka kira 'Yar'azumi, ya sa aka miƙo mata atamfa sabuwa, ya ce don zumuncin marigayi ta cire baitinsa.

Ta shafa atamfar ta yaba kyanta, ta mayar. "Alhaji, ni 'yar aike ce. Ka san agwagwa ba ta ɗaura zani."

Ba wanda ya sake yi masa magana. Ruwa ne ya yi. Da can yana bazuwa a lungun duka, kowa ya sami rabonsa. Yanzu da aka gyara masa hanya sai ya taho a guje ya taru a wuri ɗaya, ƙofar gidan Alhaji. Agwagin unguwa kuma, na gaske, da suka rasa wurin wanka ko'ina, suka tattara suka koma can. Na ƙirga da idona wata rana za mu makaranta, talatin da ɗaya. Baƙonsa in ya zo sai ya ratsa ta cikinsu. In ya shanya banda sai ya sa mai tsaro. Mutane suka riƙa zagayowa ta nan ko ba hanyarsu ba ce, su yi sallama da ladabi, su tambayi lafiyar iyali.

Ya daure kwana goma sha ɗaya. Ran na sha biyu ya kira magina suka fasa tsakiyar dakalin, suka fitar da kwata ta ƙarƙashi, suka shimfiɗa azara a sama suka mayar da yaɓe. Ruwan ya wuce kududdufi, dakalin yana nan. Alhaji ya tsaya a kai yana gaya wa duk mai wucewa cewa dabarar tasa ce, a Kano ya gani, tun bara yake da niyya.

Hajja Fanna ta ce da yamma ya tsaya a tsakar gida yana ta gyaran murya, can ya ce, "To, me suka ce?" Ta rera masa sabon baitin, inda agwagi suka kira shi azzalumi marar tausayi wanda ya raba su da gidan gado. Ya ce ta sake. Ta sake.

Daga nan Malama ta mai da abin ƙa'ida. Duk babin da muka gama, sai ta ce 'Yar'azumi ta duba unguwa ta ga inda babin yake zaune. Ba duka suka yi nasara ba. Ta yi wasan kurkunu, ta zama tsutsar da take roƙon kada a tace ruwan fadama da ƙyalle, wannan ya shiga, har ƙauyuka aka kai shi. Ta yi na mudu mai ƙaton gindi a kan masu tauye awo, gida uku suka hana ta shiga har shekara, cinikinta ya ragu. Shekarar fari, da mutanen ƙauye suka cika gari, ta yi wani a kan tukunyar da take ɓuya in ta ji sallama. Ranar ba wanda ya yi dariya sosai, amma an ɗora tukwane a ƙofar masallaci. Wani lokaci kuma Malama takan hana, ta ce wannan ya yi kusa da fuskar wani, 'Yar'azumi ta yi ta gunaguni ta bari.

Karatun allo kuwa ba ta wuce inda take ba. Mu muka sauke, wasu suka zama malamai, ita tana nan da kwalekwalenta. Ta haddace abin da za ta yi salla da shi da abin da ya fi haka, duka da ka.

Da kuɗin fetur suka shigo, siminti ya yi yawa, aka gina wa makarantar ajujuwa biyu da benci da allon bango, aka kawo malamai masu takarda. Ba wanda ya kore ta, amma benci ba ya barin fili a tsakiya. Idonta ma ya fara yin hazo, ƙafa ta gaji da yawon dillanci. 'Yarta ta Malam Madori ta zo ta tafi da ita a bayan a-kori-kura, tana zaune a kan ƙunshinta tana yi wa direba faɗa.

Na je gaishe ta sau ɗaya, ni da Hajja Fanna. Surukinta ya sayo rakoda mai kaset, sabuwa, yana ta ɗoki. Ya roƙe ta ta yi masa waƙoƙin makaranta ya ɗauka. Ta ƙi, ta ƙi, sannan ta gyara zama ta yi kusan rabin sa'a ba tsayawa, mu muna amshi. Da ta gama ya mayar da kaset baya ya kunna. Ta karkata kai tana saurare, fuska a murtuke, har baiti uku.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce, Inna," in ji surukin.

"Kai, tafi can. Tana dai ƙoƙari, amma ba ta kama ni ba. Ni ba na jan hanci haka."

Muka yi ta rantsuwa, ta ce mun haɗa baki. Ta sa aka kawo mana fura, ta tambayi mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, wa ya mutu, wa ya haihu, wa ya je Makka. Damina biyu bayan nan ta rasu a can, aka binne ta a Malam Madori. Na aika a tambayi kaset ɗin, surukin ya ce wani ƙaninsa ya ɗauki wasan dambe a kai.